Daga Zaure Zuwa Waya: Waiwaye Kan Gidajen Fatauci a Illela

Duk wanda ya san Illela shekara talatin ko arba'in da suka wuce, ya kuma dawo yau ranar Lahadi, zai shaida cewa kasuwa ta bunƙasa. Kara ta cika ta batse da shanu da raƙuma da tumaki, tireloli sun yi layi suna jiran lodin albasa da wake, 'yan canji sun baje naira da sefa a kan tebur. Amma in ya tsaya ya ƙirga gidajen fataucin da ake ji da su a wancan zamani, zai tarar kaɗan ne suka kawo yau da ƙafarsu. Kasuwa tana nan, fatauci yana nan, gidajen ne ba sa daɗewa. Galibi da maigida ya rasu, ko ya kwanta doguwar jinya, sai harka ta watse kafin shekara ta zagayo. Mutane kan ce rabon gado ne, ko kuma 'ya'ya ba su iya ba. Akwai gaskiya a ciki, sai dai a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Babban abin da ake binnewa tare da Alhaji shi ne sanin yadda gidan nasa yake aiki.

Illela tana kusan kilomita 85 arewa da Sakkwato in ka bi ta Kware da Gwadabawa, kuma da ka tsallaka iyaka sai Birnin Ƙwanni. Layin da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ya raba dangi gida biyu, ya kuma ɗora wa ɗan kasuwar nan nauyin da takwaransa na Gusau ko Funtuwa bai sani ba. Kuɗi iri biyu yake juyawa, ɗaya ana ƙirga shi da naira, ɗayan kuma, wato sefa, da dala da jaka. Kwastan na gabansa, duwan na bayansa, takardar wannan da Turanci, ta wancan da Faransanci. Kasuwarsa biyu a mako, Lahadi a Illela, Laraba a Ƙwanni. Mai irin wannan harka ba ya rayuwa da sa'a kaɗai. Dole sai da tsari, kuma iyayenmu suna da nasu tun ba a san kwamfuta ba.

Maigida ne ginshiƙi, jari da amana suna hannunsa. Ƙarƙashinsa akwai babban yaro, wanda ke raka shanu Kudu ya dawo da kuɗi. Akwai masu sayen ƙauye, wannan yana Gada, wancan ya tsallaka Galmi ko Madawa lokacin cirar albasa. Akwai ɗan canjin da gidan ya yarda da shi, akwai direba da ɗan kamashon da ke samo mota, akwai dillalin da ke tsaya wa gidan a kara yana cin la'adarsa. Can Ibadan ko Legas kuma akwai fatoman da ke sauke baƙo, ya ba shi masauki da abinci, ya nemo mahauta, ya tsaya lamuni har kuɗi su fito. Kowa ya san aikinsa, ya san wanda zai kai wa bayani, ya san iyakar abin da zai iya yankewa ba tare da ya jira maigida ba. Yaron da ya yi shekaru bai ci amana ba, a yi masa aure, a ba shi jari, a sallame shi, ya zama wani reshe na gidan.

Wannan tsari har masanan waje ya ba mamaki. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba takarda ba kotu, maganar fatoma kawai ke riƙe da cinikin, domin shi ya san wane mahauci ke biya da wanda ya fara tangal-tangal. Emmanuel Grégoire da ya yi nazarin Alhazan Maraɗi a 1986 ya tarar ma'aunin attajiri a can shi ne arzikin mutane: yawan waɗanda za ka aika su tafi, su dawo maka da kaya da labari.

Inda duk wannan ke haɗuwa shi ne zaure. Ina ɗan firamare nake riƙe wa kawuna littafi, don ni ne mai boko a gidan. Daren Lahadi bayan isha'i za a shimfiɗa tabarmi, a kunna fitilar ƙwai, yara su zauna kowa da ƙurar kasuwa a jikinsa. Kawu ba ya ɗaga murya. Tambayoyinsa ba sa sauyawa: “Nawa kas sayo shi? Wa ad dillali? Gaban wa anka yi ciniki?” Yaro ya amsa, ya zaro kuɗi daga lalitar da ke ɗaure a ƙugunsa, a ƙirga gaban kowa, ni kuma in rubuta. Daga nan direba ya faɗi halin hanya, inda aka ƙara shinge da inda gada ta lalace. Wanda ya je Ƙwanni ya faɗi yadda sefa ta tashi. Mai sayen ƙauye ya ce damina ta yi gardama a wuri kaza, gero zai yi tsada. Kowa na jin na kowa. Wani lokaci ƙaramin yaro ne zai ce ai mutumin nan da ake son ba wa bashi an gan shi yana sayar da gonarsa, sai kawu ya yi shiru, magana ta mutu a nan. Kafin a tashi, gidan gaba ɗaya ya san abin da babu mutum ɗaya a cikinsu da ya shigo da shi cikakke.

To amma littafin da nake riƙewa lambobi ne kawai a ciki. Dalilai ba sa shiga. Me ya sa ake ba wane bashi duk da yana jinkiri, a hana wane duk da bai taɓa saɓa alkawari ba? A wane wata ake buɗe rudu a fito da albasa, kuma wace alama ake dubawa? Wa ke riƙe da ajiyar gidan a tsallaken iyaka? Duk wannan yana kan mutum ɗaya. Ƙarfin tsarin da rauninsa wuri guda suke.

Manyan kamfanonin duniya sun ci karo da irin wannan matsala ta wata ƙofa. Da kwamfuta ta shigo, kowane sashe ya sayi tasa manhaja: masu ajiyar kaya da tasu, masu lissafi da tasu, masu saye da sayarwa da tasu, aka wayi gari alƙaluman wannan ba sa haɗuwa da na wancan. A 1987 wani ma'aikacin kamfanin IBM mai suna John Zachman ya rubuta cewa kamfani ma yana bukatar zane, yadda magini ba ya aza tubali sai ya san inda ƙofa za ta kalla da inda ruwan sama zai bi. A 1992 shi da John Sowa suka cika tsarin ya tsaya a kan tambayoyi shida: mene ne, ta yaya, a ina, wane ne, yaushe, don me. A 1995 aka fito da wani tsarin mai suna TOGAF, wanda ke duba kamfani hawa huɗu: harkar kanta, bayananta, manhajojin da ke sarrafa bayanan, sannan na'urorin da ke ɗauke da su. Jerin ma darasi ne, domin na'ura ce ta zo ƙarshe.

Tun kafin su, a 1967, wani masanin zamantakewa a Amurka mai suna Harold Wilensky ya yi nazarin dalilin da ke sa manyan hukumomi da kamfanoni yanke shawarar banza alhali bayanin gaskiya yana cikin gidansu. Ya gano cewa labari yana lalacewa a hanyarsa ta hawa sama, saboda na ƙasa ba ya son kai wa na sama abin da ba zai yi masa daɗi ba. Mu da aka tarbiyyantar da kunya da girmama na gaba, wannan ciwo ya fi kama mu. Albasa ta fara ruɓa a mota, a kira yaro a tambaye shi, ya ce, “Lafiya lau, Alhaji, komai na tafiya daidai.” Zaure yana rage wannan, domin da wuya ka ɓoye abu gaban mutum bakwai da suka wuni kasuwa ɗaya da kai.

Tsohon tsarin iyayenmu ya sha gwaji. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sauya launin kuɗi ta kuma rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, ga fari ya haɗu da rufewar, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar lokacin sunan El-Buhari. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Gidaje sun karye a waɗannan shekaru, amma waɗanda ke da mutane a ɓangarorin biyu, masu jin labari da wuri, sun lanƙwasa sun miƙe.

Sai waya ta zo. A 2001 aka fara wayar salula a Najeriya, Nijar ma a shekarar ta fara. Alherinta ba ya musantuwa. Jenny Aker, wata masaniyar tattalin arziki da ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta tarar bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda waya ta isa. A Illela mun ga haka da idonmu. Manomin da a da sai abin da dillali ya faɗa masa, yanzu kafin ya ce “na sallama” ya kira ɗan'uwansa a kasuwar Mile 12 ta Legas ya ji yadda buhu ya kwana. Yaro mai jarin buhu ashirin ya samu labarin da a da sai mai tirela. An rage tafiyar banza, an rage yawo da kuɗi a jiki.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne waya ta kashe zaure. Tunda kowane yaro na iya kiran Alhaji daga inda yake, me zai kawo shi zaman dare? Na Galmi ya kira, na Legas ya kira, direba ya kira, ɗan canji ya kira, kowa shi kaɗai. Alhaji ya ji duka, amma su ba su ji juna ba. A da mutum bakwai ke ɗauke da labarin gida, ko da kowa guntu-guntu ne. Yanzu ya koma kunne ɗaya. Na'urar da muka ɗauka za ta yaɗa sani, a cikin gida tattara shi ta yi ta damƙa wa mutum guda. Horon da yara ke samu ta hanyar sauraron yadda maigida ke auna magana shi ma ya tafi, ga “lafiya lau” ta samu fili, don ba mai ƙaryata ta a waya.

A kan wannan hali guguwar 'yan shekarun nan ta same mu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai 16 ga Disamban 2020 aka buɗe huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfum. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, masu sayen ƙauye suka koma kamar zamanin da, alhali tsarin zamanin da ya riga ya rushe. Farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya tilasta wa mai sayar da akuya ma karɓar taransifa, na'urorin Moniepoint da OPay suka cika rumfuna. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, harkar da ta ciyar da gidaje da yawa a bakin iyaka ta ja baya. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, iyaka ta sake rufewa har Maris na 2024, motoci suka yi ta zama da kaya a kansu. Jakar sefa da ake canzawa wajen naira 600 a 2019 ta haura naira 2,000 a 2024. Wanda ya ba da bashi bai rubuta da wane kuɗi aka ƙulla ba, ko a kan wane canji, rigima ce ta jira shi, ko da ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Dubi gidan fatauci na yau. Kuɗi na shiga asusu huɗu ko biyar, biyu da sunan Alhaji, sauran da sunan yara, don ranar da aka buɗe su layin yaron ne ke da sabis. Na tsallake ana turawa ta kamfanonin tura kuɗi na Nita ko Al Izza da sunan wani. Yarjejeniya tana cikin saƙon murya a WhatsApp, webil hoto ne a wayar direba, rasit yana aljihun ɗan kamasho. Ga masu turo alat na bogi su kwashi kaya. Bayani ya fi na da yawa nesa ba kusa ba, amma a warwatse yake, babu wurin da yake haɗuwa sai kan maigida.

Na zauna wani zaman lissafi bayan addu'ar bakwai ta wani attajiri. Wayoyi uku aka ajiye a tsakiyar tabarma, layi biyu na Najeriya, ɗaya na Nijar, biyu a kulle ba wanda ya san lambar buɗe su. Tun a maƙabarta an yi shelar duk mai bin mamaci bashi ya zo, kuma sun zo, wasu da shaidu. Waɗanda mamacin ke bi kuwa, sai masu tsoron Allah daga cikinsu. Babban ɗansa, mai digiri, ya dubi babban yaron gidan ya ce, “Baba, shanun da aka tura Kudu kafin rasuwa, kuɗinsu fa?” Dattijon ya ce, “Wallahi Alhaji ne ke magana da su, ni lodi kawai na yi.” Ba ƙarya yake yi ba. Shekara da shekaru yana gidan, amma waya ta mayar da shi ɗan aike.

Abin lura, waɗanda muke hulɗa da su sun riga sun zana nasu tsarin. Kwastan ta tashi daga takarda zuwa manhajar ASYCUDA, zuwa NICIS, yanzu ga B'Odogwu. Banki yana da BVN tun 2014, an ɗaure layin waya da lambar ɗan ƙasa tun ƙarshen 2020, an kuma ce masu POS su yi rajista da hukumar CAC a 2024. Ta kai banki ya fi magada sanin shige da ficen kuɗin ubansu.

Na san abin da 'yan kasuwa ke faɗa in an kawo wannan magana. Na farko tsoron haraji. Na biyu, wanda ya fi nauyi, tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto. A gabashin Sakkwato a yau, a san yawan abin da ka mallaka ba ƙaramin haɗari ba ne. Na uku, yaron da ya san dukkan sirrinka gobe shi ne abokin gasarka. Duk hujjoji ne na masu hankali. Amma rubutawa daban, tallatawa daban. Mutum biyu amintattu da littafi ɗaya a kulle sun isa. Yaron da ake tsoron ya tafi da sirri kuwa, iyayenmu sun riga sun ba da amsa: sallamarsa suke yi da jari, ya zama ƙarin arzikin mutane.

Abin da ake bukata bai kai tsadar da ake zato ba, kuma ba da sayen manhaja ake farawa ba. Wanda ya zuba rikitaccen gida a kwamfuta, rikitacce zai fito masa. Maigida ya zauna da mutum biyu ya amsa tambayoyin nan shida a kan harkarsa. Wane kaya muke juyawa, wa muke bi, wa ke bin mu, da wane kuɗi? Ta yaya buhu ke tashi daga gona ya isa Kudu, hannu nawa yake bi? A ina kaya da kuɗi ke kwana? Wa ke da ikon ba da bashi, har zuwa nawa? Yaushe ake saye, yaushe ake buɗe rudu, yaushe ake rufe lissafi? Sai ta ƙarshe wadda littafinmu na da bai taɓa ɗauka ba: don me muke yin haka? Bayan nan kuɗin gida su koma asusu da sunan gida. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani, kuma in ta Allah ta kasance magada na iya raba hannun jari yadda shari'a ta tsara ba tare da an sayar da mota da sito ba. Sannan a dawo da zaman mako, ko a zaure ko ta kiran waya na haɗaka, inda kowa zai ji bayanin kowa, a kuma saba wa yara cewa mai kawo labari mara daɗi da wuri godiya ake yi masa.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A Kano, Alhassan Dantata ya kai kuɗinsa banki tun 1929, ya rasu a 1955, harkar ta ci gaba da sunan gida a hannun 'ya'yansa, har jikokin gidan suka kai inda kowa ya sani. Jarin Illela bai kai nasa ba, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Kirana ga iyayenmu 'yan kasuwa shi ne su fitar da abin da ke kansu tun suna da lafiya, su zaunar da 'ya'ya da yara su faɗa musu dalilai, ba lambobi kawai ba. 'Ya'yan da suka yi boko kuma su daina raina harkar kara da ta albasa. Su zauna su saurara, su rubuta, kafin su kawo maganar kwamfuta. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, na shanu da na albasa da na hatsi, su fito da takardar bashi guda ɗaya mai sauƙi, da Hausar boko da ajami, mai gurbin irin kuɗi da canjin ranar da sunan shaidu. Iyaka za ta sake rufewa wata rana, kuɗi za su sake sauyawa, kowane maigida kuma yana da ranarsa. Gidan da saninsa ke hannun mutum fiye da ɗaya shi ne zai wuce waɗannan duka. Allah ya sa albarka a nema.